Doguwar Maƙala da Babban Yatsan Injiniya

"Ba cewa na yi bai yi kyau ba, Auta. Cewa na yi ya yi tsawo."

"Yaya, ai kyan nasa a tsawon yake."

"Haka kika ce wancan makon."

"Wancan makon ma gaskiya na faɗa."

Edita ta zare tabarau ta ajiye kusa da kofin shayinta da ya daɗe da hucewa. Ita ce mai tace duk abin da za a ɗora a shafinsu na yanar gizo, kuma a ɗan ofishin nan mai tebura huɗu da fanka mai kukan tsufa, ba wanda bai taɓa jin zafin alƙalaminta ba. Auta kaɗai take raga wa. Ita ta ɗauko ta aiki, ita ta laƙaba mata sunan saboda ita ce ƙaramarsu, ita kuma ta ba ta fili nata na kanta, inda duk mako take rubutu a kan yadda ake kula da iyaye idan tsufa ya kama su.

"Saurara, ƙanwata. Mutum ya buɗe waya yana neman yadda zai yi da tsohon da ya ƙi shan magani. Ke kuma kin tare shi a bakin ƙofa da kalma dubu uku. Sai da na wuce labulen ɗakin Baba, na wuce rediyonsa, na wuce kukan kurciyar da ke bayan taga, ban ga magani ba."

"Kurciyar tana da dalili."

"Na sani. Har ƙwalla ta sa ni. Amma gobe da safe zan zauna da masu shafin, kuma sun riga sun gaya mini: ko dai filinki ya dawo kalma ɗari shida kamar na kowa, ko a rufe shi a ba masu labarin ƙwallo wurin."

Maganar ta daki Auta a ƙirji, amma ba ta zo hannu rabbana ba. Dama ta kwana da shirinta. Ta jawo kwamfutarta ta juya wa Edita, ta buɗe allon ƙididdiga, inda ake ganin yawan waɗanda suka shiga kowane rubutu da kuma inda suka tsaya.

"Duba nan, Yaya. Rubutun kowa, mutane na kaiwa rabi su gudu. Duba nawa. Kullum akwai wasu da suke bi har layin ƙarshe. Ba waya ɗaya ba, wayoyi daban-daban, sababbi kullum. Har tsofaffin rubuce-rubucena ba su bari ba."

Edita ta mayar da tabarau. Ta duba, ta sake dubawa, ta matso da kujera.

"Ikon Allah. Amma masu karatun nan naki akwai sauri."

"Wanda ya saba da karatu ai ba ya rarrafe."

Edita ta ƙwanƙwasa teburi da biro. Can ta yi murmushin da ba kasafai ake ganinsa ba.

"To, gani ya kori ji. Zan kai musu wannan gobe. Zan ce ni na tsaya miki, in ya ɓaci a kama ni. Tashi ki ba ni wuri kafin in canza ra'ayi."

Auta ta sauko daga benen kamar ƙafarta ba ta taɓa matakala. Abin da Edita ba ta sani ba, ko ta sani ta yi kawaici, shi ne ba taurin kai ne ya hana ta gajarta rubutu ba. Ita ta yi jinyar Baba har Allah ya karɓi abinsa. Daga ɗakin nan ta koyi duk abin da take rubutawa: yadda ake juya mai ciwo, yadda ake lallashin wanda dā shi ke lallashinka. Duk sanda ta zauna rubutu sai Baba ya shigo ya zauna a tsakiyar sakin layi, da tarinsa, da barkwancinsa, da rediyonsa. To wa zai ce wa mahaifinsa tashi, wuri ya ƙure? Shi ya sa wayoyin nan da ke binta har ƙarshe suka zame mata dangi. Takan kwanta tana sawwara su: wata uwa a ɗakin girki, wani saurayi a bencin asibiti, duk suna zaune tare da Baba.

Ba ta iya jira a tashi daga kasuwa ba. Kai tsaye ta nufi shagon mijinta.

Shagon yana cikin wani dogon layi na masu gyaran waya, kuma ƙanƙantarsa ta kai in mutum ya miƙa hannu biyu sai ya taɓa bango da bango. Akwai teburi mai shimfiɗar roba, da fitila mai dogon wuya, da gilashin ƙara girma, da murfin kwalba cike da sukurorin da ba su kai ƙwayar shinkafa ba. Ƙaurin dalma ya kama labule. Mijin nata bai taɓa shiga ajin injiniyoyi ba, amma tun ranar da ya tayar da wayarta da ta faɗa bokitin wanki, tun kafin a san za a yi aure, take ce masa Injiniya, har duk layin suka ɗauka.

"A'a! Yau wace rana, gimbiya a shagon talaka?" Ya ɗago yana dariya, ɗan ƙaramin sukundireba a bakinsa. "Zauna, kada ki taɓa komai, kada ki yi atishawa."

"Albishirinka."

"Goro, amma bari in rufe wannan tukun. Mai ita na hanya, kuma daga muryarta ba ta da wasa."

Ta zauna a kan kujerar roba ta zuba masa ido. Tana son kallonsa yana aiki. Mutumin da a gida ba ya iya zuba ruwa a kofi bai zubar ba, a nan hannunsa ko rawa ba ya yi. Ya ɗora sabon gilashi a fuskar wayar, ya danna gefe da gefe, ya goge da ƙyalle, ya kunna. Haske ya kawo. Sai ta ga ya shiga yanar gizo, ya rubuta adireshin da ta fi sanin sa da lambar gidansu. Shafinsu ya buɗe. Ya taɓa sunanta. Maƙalarta ta makon nan ta bayyana.

Zuciyarta ta narke. Ashe har a wurin aiki?

Sai ya ɗora babban yatsa a ƙasan gilashin ya ja sama. Fiu. Ya sake ja. Fiu, fiu, fiu. Labulen Baba ya wuce, rediyo ya wuce, kurciya ta wuce ko fiffikenta ba a gani ba. Ya koma gefen dama ya ja, ya koma hagu ya ja, har shafin ya tsaya cak a layin ƙarshe.

"Alhamdulillahi," in ji shi. "Ba inda ya maƙale."

Ya ajiye wayar, ya juyo da fara'arsa. "To, ina jin ki. Albishirin me?"

Idon Auta bai bar teburin ba. Wayar take kallo.

"Me ka yi yanzu?"

"Gwaji. In an sa sabon gilashi dole a ja shi daga sama har ƙasa a ga ko akwai inda ba ya jin yatsa."

"Da rubutuna?"

"Da me kuwa? Ai duk duniyar nan ban ga shafin da ya kai naki tsawo ba." Ya faɗa yana buga ƙirji, kamar mai ba da labarin ɗansa ya zo na ɗaya. "Na wasu, ja biyu ka kai ƙasa, me ka gwada? Amma naki, Marubuciyata, gilashin da ya kai ƙarshensa bai yi gardama ba, to ko kotu aka je ya gyaru."

"Kullum kake yi?"

"Kowace waya. Ba ma ni kaɗai ba. Na koya wa Dogo, Dogo ya koya wa na kusa da shi. Yanzu duk layin nan da ke muke gwaji. Har masu sayar da wayoyin hannu na bakin titi sun karɓi adireshin." Ya leƙa waje ya ɗaga murya. "Dogo! Da me kake gwada gilashi?"

Daga shagon da ke maƙwabtaka wata murya ta amso, "Da na matarka mana! Allah ya ƙara mata tsawon hannu!"

Murna ta koma ciki. Auta ta ji kamar an zare mata kujera. Uwar da ke ɗakin girki ta tashi ta fita, saurayin bencin asibiti ya bi ta, duk dangin nan da ta tara wa Baba suka watse, aka bar ta da manyan yatsu masu baƙin mai. Ta so ta yi dariya, don abin na dariya ne, sai hawaye suka riga ta.

Labarin zuciya a tambayi fuska. Injiniya ya ajiye sukundireban, ya durƙusa a gabanta a ɗan wurin da ya rage tsakanin teburi da ƙofa.

"Subhanallahi. Me na yi? Wallahi in na san laifi ne..."

Ta gaya masa komai, tana jan hanci: allon ƙididdiga, zaman gobe, da yadda Edita ta ce ita ta tsaya mata. Yana ji bakinsa na ƙara buɗewa.

"Wato mu ne masu karatun?"

"Ku ne."

"Ni da Dogo?"

"Kai da Dogo da masu wayoyin hannu."

Ya dafe kai. "Dogo da ko takardar magani sai an karanta masa."

"Ina jin ku fa!" in ji muryar maƙwabci.

Dariya ta kufce mata a tsakiyar kuka, ta kai masa duka a kafaɗa. Sannan ta share ido ta yi masa tambayar da take tsoro.

"Kai fa? Tsakaninka da Allah, ka taɓa karanta ko ɗaya?"

Ya sunkuyar da kai yana wasa da zoben hannunta.

"Na farkon na karanta. Na kai inda kika ce Baba ya riƙe hannuna ya ce in riƙe ki amana, sai na kasa ganin allo, ga mai waya a tsaye a kaina. Tun ranar ban ƙara farawa daga sama ba. Ai ina wurin, gimbiya. Ni nake ɗaga shi ki canza zanin gado." Ya ɗago. "Amma ƙarshensu kam, tambaye ni ko wanne. Nan yatsa ke tsayawa, kafin in kashe waya idona ya riga ya ɗauka. Na wanka: 'Ka fara jiƙa ƙafafunsa, ka bar shi ya riƙe soson da kansa.' Na faɗuwa: 'Ka ɗauke ƙananan shimfiɗu daga hanyar banɗaki, ka bar fitila a kunne.' In ci gaba?"

Ta tsaya tana kallonsa. Kalmominta ne, ba ragi.

"Kuma in gaya miki gaskiya," ya ƙara, "ƙarshen nan shi ne tsokar. Na sha cewa a raina, me ya sa take ɓoye nama a ƙasan kwano?"

Kafin ta ba shi amsa, inuwa ta rufe ƙofa.

"Malam, ta gyaru?"

Mai wayar ce: mace mai matsakaicin shekaru, jaka a kafaɗa, makullin mota a hannu, ledar kantin magani a ɗaya hannun. Idanunta irin na wanda barci ya daɗe bai ishe shi ba. Auta ta gane idanun nan take, don ta taɓa ɗaukar irinsu a fuskarta.

Injiniya ya miƙe ya miƙa mata wayar. A rikicen da ake ciki ya manta bai rufe shafin ba. Matar ta taɓa gilashin, shafin ya koma sama, ta tsaya.

"'Idan tsoho ya ƙi shan magani,'" ta karanta a fili. "Kai, malam, kamar ka san abin da ke damuna. Mahaifiyata ce. Tun jiya take dantse baki, na yi lallashi, na yi faɗa, har kuka na yi mata."

Ta jingina da ƙofa ta fara karantawa a tsaye. Auta ta ƙame a kujera. Tun da take, ba ta taɓa ganin baƙon mutum yana karanta rubutunta ba. Ta ga idanun matar sun bi layin farko a hankali, sun bi na biyu. Sai gira ta haɗe. Yatsa ya ja shafin kaɗan. Ya sake ja da ɗan ƙarfi.

"To, mun ji, labule ruwan toka ne," matar ta ce ƙasa-ƙasa. Ta ja. "Rediyo kuma. Baiwar Allah, ina maganin?" Ta ja. "Kurciya! Ni da uwata ke kwance ba ta sha na hawan jini ba, ana ba ni labarin kurciya."

Injiniya ya kama tarin da ba shi da shi. Ya ƙifta ido, ya karkata baki wajen kujera, ya yi duk abin da fuska za ta iya. Matar ko kallonsa ba ta yi ba.

"Masu rubutun nan, wallahi, kamar ana biyan su da awo. Ka tambaye su hanyar asibiti su fara maka da tarihin wanda ya gina titin."

"Anti," in ji Auta, "ja har ƙasa. Can ƙarshe yake."

"Kin karanta?"

"Na... na san shi."

Matar ta ja, ta ja, ta ja, ta tsaya. Wannan karon a hankali take karantawa, leɓɓanta na motsi.

"'Kafin ka yi faɗa, tambaye shi ko haɗiya ce ke masa wuya. Kada ka daka ƙwaya sai ka tambayi likita. Kada ka tsaya a kansa. Zauna, idonka daidai da nasa.'" Ta sauke wayar. "Ni kuwa kullum a tsaye nake a kanta kamar ɗan sanda. Kuma ban taɓa tambayarta ko maƙogwaro ne ba." Ta yi ajiyar zuciya. "To don Allah me ya hana a sa wannan a sama? Da ba ki yi magana ba da tuni na rufe."

Ta sallami Injiniya, ta jefa wayar a jaka, har ta juya sai ta dawo da baya.

"Amma fa ta iya magana, kada in ci haƙƙinta. Wurin nan da ta ce babanta ya fara ce mata 'yi haƙuri' in ta ba shi ruwa... nan ya taɓa ni. Tawa ma ta fara. Irin wannan sai mutum ya samu zama, ya rufe ƙofa. Yanzu kuwa a tsaye nake." Ta kaɗa makulli. "Sai an jima, ƙanwata. Na gode."

Ta tafi. Injiniya ya sauke numfashin da ya riƙe.

"Da kin bari na gaya mata."

"Da ka gaya mata da ta ce ya yi kyau ta wuce."

Ya jawo akwatin kayan aiki ya zauna a kai, gwiwarsa na taɓa tata. Ya daɗe yana juya wani mataccen batir a hannu kafin ya yi magana, kuma da ya yi, a hankali ya yi, don kada Dogo ya ji.

"Saurara. Wa ya sani? Ni da ke. Allon nan ba ya faɗin sunan mutum. Ki bar Edita ta kai musu gobe, filinki ya tsira. Mu kuma mu ci gaba da aikinmu. In ma ana son ƙari, akwai wani layin masu gyara a bayan tasha, da yamma ɗaya zan zagaya su. Zan ma ce su riƙa ja a hankali, kamar masu karatu."

Ta dube shi. Da gaske yake. Mutumin da ko tsohon gilashi ba ya sa wa mutum ya ce sabo ne, ga shi yana shirin haɗa mata rundunar ƙarya don kada ta sake kuka. Wani abu mai ɗumi ya cika mata ƙirji, har ta ji tsoron kada ta ce to.

Don abin ya ja ta, ba ƙarya. Shiru kawai za ta yi. Baba zai ci gaba da zama a shafi da rediyonsa, ba mai cewa ya matsa. Amma sai ta hango Edita gobe, da tabarau a karan hanci, tana nuna wa masu shafin allon tana cewa ni na tsaya mata. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar da wani mai ido ya lura duk masu karatun nan daga layi ɗaya suke, ba Auta za a fara kira ba. Ta kuma hango matar nan, da wasu irinta da ba ta san adadinsu ba, a tsaye da leda a hannu, suna rufe shafin a wurin kurciya.

"Injiniya."

"Na'am, gimbiya."

"Kai mugu ne."

"Na sani. Don ke ne."

"Ba ni wuri a teburin nan."

Ya kwashe sukurori da rawar jiki, ya goge robar da hannun riga. Ta buɗe kwamfuta a ƙarƙashin fitilar mai dogon wuya. Ta yanko sakin layin ƙarshe ta kai shi sama. Wannan bai yi zafi ba. Ta ƙara masa abin da za a yi in an gwada duka an kasa, da lokacin da ya kamata a koma wurin likita. Sannan ta shata daga labule har kurciya, duk suka yi shuɗi, yatsanta ya tsaya a kan maɓallin gogewa ya ƙi sauka.

"Ba zan iya ba."

"To kada ki goge. Mu in mun cire abu mai kyau daga waya ba ma zubarwa."

"Ina zan kai shi?"

"Ni na sani? Ke ce marubuciya. Amma Baba da na sani ba ya son a yi masa magana a tsaitsaye. Ko gaisuwa ce sai ya ce jawo kujera."

Ta yi dariya, hawaye na ɗiga a kan maɓallai. Haka ne kuwa. Ita ce ta tsayar da shi a bakin hanya yana tare masu sauri, har ana yi masa tsaki. Ta buɗe sabon shafi fari, ta kwashe shi duka ta kai can, da labulensa da rediyonsa, ba ta rage ko kalma ba. Abin da ya saura a maƙalar ta karanta wa Injiniya a fili. Kafin ya gama mayar da murfin wata waya ta kai ƙarshe.

"Shi ke nan?" ya ce.

"Shi ke nan."

Ya leƙo ya ja shafin da yatsa. Ja biyu ya kai ƙasa. Ya yi tagumi.

"Kin kashe mana sana'a."

"Ku nemi wani."

"Dogo!" ya ƙwala. "An gajarta!"

"Inna lillahi!" in ji Dogo. "Wa muka yi wa laifi?"

Auta ta ɗauki wayarta. Ta san mai yiwuwa Edita ta ji haushi, mai yiwuwa kuma masu shafin su ce tunda ba masu karatu, gajere da dogo duk a rufe. Injiniya ya kama ɗaya hannun nata ya riƙe a cikin nasa mai ƙaurin dalma. Ta kira. Bugu biyu aka ɗauka.

"Auta, lafiya? Ina cikin shirya takardun gobe."

"Yaya, ki cire allon nan daga ciki."

"Saboda me?"

"Masu karatun nan ba masu karatu ba ne. Mijina ne da abokan sana'arsa, da rubutuna suke gwada gilashin waya."

Sai wani sauti ya fito, wanda Auta ta ɗauka faɗa ne ke tahowa, ashe Edita ce ke ƙoƙarin danne dariya ta kasa.

"Na ce akwai sauri! Ban ce ba? Wayyo cikina. Yana kusa? Ce masa ina gaida manyan masu karatu." Ta yi gyaran murya, muryar aiki ta dawo. "Amma kin san abin da wannan ke nufi, ko? Gobe hannu wofi zan shiga. Ban yi miki alkawarin komai ba."

"Na sani, Yaya."

"To me kike so in ce musu?"

Auta ta miƙe tsaye, kanta ya kusa taɓa fitila. Ta ƙara matse hannun mijinta.

"Ba ke za ki ce ba, ni zan shiga in faɗa da bakina. Daga yau duk abin da mutum zai nema yana tsaye da mara lafiya a gabansa, gajere zan rubuta, amsar a layin farko. Labarin Baba kuma ba zan rage masa ko kalma ɗaya ba; shi kaɗai zai zauna a nasa shafin, wanda ya samu zama ya je ya same shi. In sun yarda, to. In sun rufe filin, su rufe shi a kan gaskiya."